Neubergthal, ƙauyen da a da mutum da saniyarsa suke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya

Daga birnin Winnipeg, a lardin Manitoba na Kanada, na taso da hantsi, na kama hanya mai lamba 75 da ta nufi kudu, wajen iyakar Kanada da Amurka. Tafiyar kilomita 100 ce da 'yan kai, abin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Bayan garin Morris sai a karya yamma a kan hanya ta 14, a Rosenfeld a sake fuskantar kudu a kan ta 30 har garin Altona, daga nan ƙaramar hanya mai lamba 421 ta kai mutum Neubergthal. Sai da motar haya ko ta aro. Wanda zai zo lokacin narkewar ƙanƙara, wajen Afrilu zuwa Mayu, ya fara tambayar halin da hanya take ciki, domin kogin Red yakan yi ambaliya ya rufe ta a daidai Morris.

Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu ba kwari, baƙin laka ne na gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun zamanin da. A irin wannan fili ba gida ake fara hangowa ba, itatuwa ne. Layi biyu na dogayen itatuwan kotinwud, masu zubar da farin gashi kamar na rimi, sun sa titi ɗaya tilo a tsakiya. Titin nan shi ne garin gaba ɗaya.

Mutanen da suka kafa shi Menonawa ne, Kiristoci masu bin koyarwar Menno Simons, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Holan da ya bar cocinsa a 1536. Abu biyu suka riƙe da suka jawo musu ƙaura iri-iri: ba sa yi wa jariri baftisma sai ya girma ya zaɓa da kansa, kuma ba sa ɗaukar makami. Daga Holan suka gangara bakin kogin Vistula a Folan ta yau, daga can suka amsa gayyatar sarauniyar Rasha Katarina ta Biyu, suka kafa Chortitza a 1789 a ƙasar da yanzu take Yukiren. Da gonaki suka yi musu kaɗan, wasu suka ware suka kafa Bergthal a 1836. Da Rasha ta kawo dokar aikin soja ta dole a 1874, sai mutanen Bergthal suka sayar da abin da suka mallaka suka taso kusan kaf. Gwamnatin Kanada ta riga ta ba wakilansu takarda a 1873 cewa ba za a sa su soja ba, kuma za su riƙe makarantunsu. Kimanin Menonawa 7,000 suka shigo Manitoba tsakanin 1874 da 1880. Ƙasar da aka keɓe musu ba ta rasa masu ita ba. Ta 'yan asalin wurin ce, shekaru kaɗan bayan yarjejeniyar 1871 da gwamnati ta ƙulla da su.

Da fari gabashin kogin Red aka sauke mutanen Bergthal, suka tarar da duwatsu da fadama. Wasu iyalai suka ƙetaro yamma neman ƙasa mai kyau, suka kafa wannan ƙauye a 1876. Sunan ma abin da yake nufi ke nan, Sabuwar Bergthal. Hunturun farko da yawa daga cikin baƙin nan a semlin suka yi shi, wato rami da aka haƙa aka ɗaga bangonsa da yankakken turɓaya mai ciyawa.

Abin da ya kawo ni shi ne gidajen. Na shiga na iyalin Friesen, wanda aka gina a 1901 aka kuma mai da shi wurin baƙi. Ɓangaren mutane ne ke kusa da titi, garken dabbobi na manne a bayansa, rumbun ciyawa a can ƙarshe. Tsakanin ɗaki da garke akwai ɗan lungu da suke kira gang, mai ƙofa a kowane gefe. Ka rufe ta baya kafin ka buɗe ta gaba, wari da ƙuda su tsaya can. Dalilin haɗin a fili yake: a nan sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, iska kuma ba abin da ke tare ta. Mai tatsar saniya da asuba ba sai ya taka waje ba.

Zuciyar gidan murhu ne na tubali da aka gina a tsakiya, kowane gefensa ya zama bangon wani ɗaki. Hayaƙi ba ya fita kai tsaye, sai ya zagaya ta hanyoyin da aka bar masa a cikin tubalin, tubalin ya sha zafi, ya yi ta sakinsa a hankali. Hura wuta safe da yamma ya wadatar. Da yake itace ya yi ƙaranci, kashin shanu suka mayar makamashi: a gauraya shi da tattaka, a sa dawakai su tattake, a baje, a yanka shi murabba'i, a jera ya sha rana. Wanda bai bushe sosai ba hayaƙi kawai yake yi. A sama, inda bututun hayaƙin ya yi faɗi, nan ake rataye nama ya ƙyafu. Musulmi ya lura, naman alade ne ya fi yawa a girkin yankin, har da tsiransu na hanji da ake tinƙaho da shi. A tambaya kafin a ci. Burodinsu mai hawa biyu, tweeback, da soyayyen rollkuchen da ake ci da kankana sun fi sauƙi, ko da yake su ma a tambayi irin kitsen da aka sa.

Na daɗe ina kallon daɓen katako. Matan gidan ne suke shafa masa fenti, galibi rawaya, su bi shi da zanen furanni. Shekara da shekaru yana ɓoye ƙarƙashin ledar ƙasa, sai da aka zo gyara aka ɗaga.

Gyaran kuwa ba wasa ba ne. Laka na kumbura idan ta daskare, ta sauka idan ta narke, ginin ya karkace. Numfashin dabbobi da fitsarinsu na ruɓar da katakon ƙasa na garke, sai an ɗaga ginin da jak an canza shi. Ga gobara: in ta kama ciyawa, ta ci gida.

Ƙauyuka irin wannan sun yi yawa a yankin, akasarinsu sun watse, kuma a ganina takardar mallaka ce ta fi cin su. Dokar 1872 tana ba magidanci eka 160 a kan dala 10, da sharaɗin ya zauna a kai. An yi wa Menonawa sassauci su zauna a ƙauye. Sai suka haɗa filayen suka sake rabawa siri-siri, kowa ya samu mai kyau da marar kyau, makiyaya ta kowa da kowa, mai unguwa da suke kira Schult yana lura. Amma a takardar gwamnati kowane fili da sunan mutum ɗaya. Ranar da mutum ɗaya ya ce a ba shi nasa, rabon kowa ya rushe. Sannan dokar 1916 ta tilasta Turanci a makarantu, masu tsananin riƙo suka kwashe zuwa Meksiko daga 1922, wasu zuwa Faraguwai a 1926 da 1927.

Neubergthal ta riƙe titinta da gidajenta, har Kanada ta sanya ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1989. Kada mai zuwa ya sa ran ganin keken doki. Motoci da taraktoci ne a ƙofar gida, ko da yake tsofaffi na jin harshensu na Plautdietsch. Yawancin gidajen da mutane a ciki, saboda haka daga titi ake kallo. Wuraren baƙi da rani aka fi buɗe su, gara a nemi lokaci tun kafin a taso. Awa biyu sun ishe ni zagaye, na koma Altona na sha mai, na bi ta gonakin furen rana zuwa hanya ta 14.