Abin da hujin bolti ya koya mini a zanen kwamfuta

A shekarar da na fara aiki a wata ƙaramar masana'antar ƙere-ƙeren ƙarfe, an ba ni aikin zana murfin da za a ɗaure a jikin gangar wani inji da bolti shida masu lamba M8, a jere, tsakanin kowane biyu milimita 60. Na buɗe manhajar SolidWorks, na zana da'ira mai faɗin milimita 8, na yanke ta, na maimaita ta sau shida a murfin, na kuma yi haka a jikin gangar. A fuskar kwamfuta komai ya zauna daram. Washegari dattijon da ke kula da injinan huji ya same ni da takardar a hannunsa, ya kira ni Injiniya kamar yadda ya saba, ya tambaye ni a kan wane nama nake so ya yanka zare, wato murɗaɗɗun haƙoran da bolti ke kamawa a cikin rami, tunda na riga na cinye ƙarfen da huji mai faɗi daidai da boltin. Ya tsayar da aikin gangar kafin a taɓa ta, amma yaronsa ya riga ya huda murfin kamar yadda na rubuta, bolti kuwa bai shiga ba sai da duka.

A ranar na gane cewa lambar M8 sunan bolti ce, kuma babu hujin da ya kamata ya yi milimita 8 saboda ita. Hujin da bolti zai ratsa ya wuce dole ya fi shi faɗi, kuma ƙa'idar ISO 273 ta ƙasa da ƙasa ta ba da zaɓi uku: 8.4 idan ana son matsi, 9 a aikin yau da kullum, 10 idan ana son sarari sosai. Ramin da za a yanka wa zare kuwa dole ya fi boltin ƙanƙanta, domin a bar naman da haƙoran zaren za su fito daga cikinsa. Lissafinsa mai sauƙi ne, ana cire tazarar da ke tsakanin haƙoran zaren daga faɗin boltin, wato 8 a cire 1.25, saura 6.75, wanda ya kai mu ga bakin dirili na 6.8. Haka M6 ke neman 5, M10 ke neman 8.5. Akwai kuma faffaɗan gurbin da ake yi wa kan bolti idan ana son ya nutse ya yi daidai da fuskar ƙarfe, kuma kan M8 na ƙa'idar ISO 4762, wanda ake murɗawa da makullin alen, faɗinsa 13 ne, tsayinsa 8, saboda haka gurbin sai ya ɗan zarce waɗannan.

Daga nan na daina yanke da'ira da hannu. Kusan kowace manhajar zane tana da sashen da aka keɓe wa huji: a SolidWorks sunansa Hole Wizard, Inventor da Fusion da FreeCAD ma kowacce tana da nata. Amfaninsa ya wuce saurin aiki. Da'irar da aka yanke ba ta san dalilin da ya sa aka yanke ta ba, amma hujin da aka yi da wannan sashe yana ɗauke da bayaninsa, ya san ko na wucewa ne ko na zare, ya san boltin da aka yi shi dominsa, kuma idan aka fitar da zanen takarda shi da kansa yake rubuta faɗi da zurfi da lambar zare. Ranar da aka ce a canza M8 zuwa M10, zaɓi ɗaya ake sauyawa, hujin murfi ya koma 11, na ganga ya koma 8.5, rubutun takarda ya bi su. Ban ga hikimar zana ainihin murɗin zaren a cikin siffar kayan da ke kwamfuta ba, domin yana nauyaya fayil yana kuma cika takarda da layuka marasa amfani, alamar zare kawai ta wadatar, sai fa idan inji mai buga siffa ne zai fitar da kayan da zarensa. Sai dai wannan alama tana yawan ɓacewa idan aka mayar da siffar fayil ɗin STEP, irin wanda manhajojin zane daban-daban ke iya buɗewa, aka aika wa wata masana'anta, inda mai karɓa zai ga rami mai santsi na 6.8 kawai. Shi ya sa ba na aika siffa ba tare da zanen takarda ba.

Zurfin ramin da bai fasa ba shi ma ya taɓa ba ni wahala. Bakin dirili na gama-gari yana da tsini mai kusurwa 118, don haka ƙasan ramin kamar mazurari yake, kuma zurfin da ake rubutawa yana tsayawa ne inda cikakken faɗi ya ƙare, tsinin ƙari ne a kansa. Ƙarfen yanka zare ma haƙoransa na farko a fiƙe suke, ba sa yanka cikakken zare har ƙasa. Ke nan lambobi biyu ake buƙata, zurfin zare da zurfin rami, na biyun ya fi na farkon. A ƙarfe ana son bolti ya kama zare aƙalla gwargwadon faɗinsa, a alminiyam kuwa kusan ninki biyu, saboda taushinsa.

Darasin da ya fi daɗewa bai zauna mini ba shi ne na matsayin huji, kuma har yau ina ganin nan ne masu zane suka fi cutar da masu aikin hannu ba tare da sun sani ba. A zanena na farko na rubuta 60 sau biyar, kowane awo yana farawa daga hujin da ya gabace shi, kamar sarƙa. Kwamfuta ba ta kuskure, 60 a wurinta 60 ne, amma hannu da inji suna da sassaucin da aka yarda musu. A matsakaicin aji na ISO 2768, awon da ke tsakanin 30 da 120 yana iya kaucewa da 0.3 sama ko ƙasa. Idan duka biyar suka kauce gefe ɗaya, huji na shida ya yi nisan milimita 1.5 da inda ya kamata, alhali babu awo ko ɗaya da ma'aikacin ya saɓa. Da na auna kowane huji daga gefe guda da aka gyara ya zama tushen awo, da kuskuren ɗaya bai hau kan na ɗaya ba, kuma haka ma'aikacin yake aiki ma, yana jingina ƙarfen da gefe ɗaya ne ya auna daga can.

Ko hakan bai isa ba sai an yi lissafin sararin da ake da shi. Huji 9 da bolti 8 sun bar milimita 1. Idan bolti zai ratsa faranti biyu a ɗaure shi da noti a baya, kowane faranti yana iya cin wannan milimita 1 ɗin. Idan kuwa ɗaya ɓangaren zare ne, boltin ba ya motsi a cikinsa, sai a raba sararin biyu, kowane ɓangare ya sami 0.5, wato tsakiyar huji ba za ta kauce fiye da 0.25 daga mazauninta ba. Wannan ya fi sassaucin gama-gari tsanani, don haka dole a rubuta shi ƙarara da alamar matsayi ta ISO 1101 ko ASME Y14.5. Amma rubuta lamba ba ya sa ta samu. A wurin da ake jan layi da hannu a buga alama da guduma kafin a huda, 0.25 abu ne mai wuya, kuma na fi ganin adalci in buɗe hujin murfin zuwa 10, ko in rubuta cewa a haɗa ɓangarorin biyu a yi musu alama tare.

Bolti mai kan mazurari ba ya ba da wannan rangwame, domin kansa yana jan kansa zuwa tsakiyar gurbinsa komai faɗin hujin, kuma kusurwarsa 90 ce a awon milimita, 82 a yawancin na inci na Amurka, ba sa zama a gurbin juna. Yanzu kafin takarda ta bar teburina ina saka ainihin boltin da washarsa a cikin siffar, in tsaga ta biyu in duba ko tsinin rami ya kusa fasa bango, ko ƙarshen bolti ya taɓa ƙasa kafin kansa ya matse murfi, in kuma tabbata akwai inda sifana za ta shiga ta juya. Wancan murfi na farko an sake huda shi da bakin 9, biyar suka shiga lafiya, na shidan sai da dattijon ya sa magagari ya ɗan ja hujin gefe.