Baƙin garin kabon a cikin ifoksi: abin da na gani a ɗakin gwaji a Samaru

Ifoksi, wato gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa ya daskare, yana da ƙarfi amma ba shi da haƙuri. Da zarar 'yar tsaga ta samu wuri a jikinsa, sai ta ruga ta raba shi biyu nan take. Aikina na digiri na biyu a Samaru shi ne in zuba masa ƙananan bututun kabon, waɗanda ake kira nanotub, in ga ko za su rage wa tsagar gudu.

Ido ba ya ganin bututun ɗaya-ɗaya. Rahoton masanin Japan Sumio Iijima na 1991 ne ya jawo hankalin duniya kansu. Irin da na yi aiki da shi mai bango da yawa ne, bututu cikin bututu, kaurinsa 'yan gomman nanomita, gashin kai ya fi shi kauri sau dubbai. A lissafi taurinsa ya kai kusan ninki biyar na ƙarfe. A cikin kwalba kuwa baƙin gari ne marar nauyi, ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya tashi. Takunkumi da safar hannu dole ne, don shaƙarsa na iya cutar da huhu.

Duk wanda na ba labari tambayarsa ɗaya: tunda abin ya fi ƙarfe tauri, me zai hana a zuba da yawa? Matsalar ita ce bututun suna son junansu fiye da yadda suke son gam. Manne wa juna suke su cukuikuye su zama gudaji, kuma gudan da gam bai ratsa cikinsa ba rami ne kawai, daga nan tsaga ke farawa. Rabin aikina a wurin warwatsa su ya tafi. Nakan jiƙa garin a asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, in sa shi a na'urar da ke girgiza ruwa da sauti mai ƙarfi, kwalbar tana zaune cikin ruwan ƙanƙara saboda zafin da take ɗauka. Girgizar ma tana da iyaka, in ta yi yawa sai ta kakkarya bututun su gajarce. Bayan an haɗa da gam sai an kori asiton ɗin ƙaf, sannan a zuƙe kumfar iska. Da hunturu gam ɗin kan yi kauri har sai an ɗan ɗumama shi, ga ƙura da ke neman kowane buɗaɗɗen kwano.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya taɓa ce mini, "Ɗana, da ka zuba ruwan daskarewa gam ya kama hanya, ba ruwansa da an ɗauke wuta." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Ya ce a duba man janareta kafin a buɗe kwalba. Haka muka riƙa yi.

Gwajin kansa bin ƙa'idar ASTM D5045 ne, wato tsarin auna juriyar roba ga tsagewa. Ana zuba 'yan sanduna, a yanka gurbi a tsakiya, sannan a ɗora sabuwar reza a gindin gurbin a ƙwanƙwasa a hankali har siririyar tsaga ta fita da kanta. Tsawonta haɗe da na gurbin ya kasance tsakanin 0.45 da 0.55 na faɗin sandar. Sai a ɗora sandar kan madogara biyu masu tazarar ninki huɗu na faɗinta, na'ura ta danna tsakiya har ta karye. Ƙwanƙwasa rezar nan ita ce gwanintar. Tsagar da bakinta ya dakushe takan ba da adadin juriya mai daɗin gani wanda ba gaskiya ba ne, kuma ina zargin wasu sakamakon da ake tinƙaho da su daga nan suka fito.

Na yi haɗi da kashi 0.1, da 0.5, da kashi 1 cikin 100 na nauyin gam. Ƙananan biyun sun fi gam zalla jurewa. Na kashi 1 ya yi kaurin da kumfa ta ƙi fita, gudaji suka dawo, juriyarsa ta sauka.

Sai da na duba fuskar karayar a madubin lantarki mai ƙara girman abu na fahimci dalili. Ta gam zalla sumul take, tsaga ta wuce ba abin da ya tare ta. Ta haɗin kashi 0.5 kuwa kaushi gare ta, da tuddai da kwaruruka, ga wutsiyoyin bututu sun leƙo, ga ƙananan ramukan da wasu suka zare suka bari. Maginan cikin birnin Zariya sun san wannan tun da daɗewa: suna kwaɓa ƙasa da ciyawa, in bango ya so tsagewa sai zaren ciyawar ya riƙe ɓangarorin biyu. Haka bututun ke gittawa a bayan bakin tsaga. Kafin ta buɗe sai ta ɓamɓare su daga gam ta zaro su, ko ta kauce ta zagaya, kuma kowane ɗaya yana cinye ƙarfin da da ci gaba za ta yi da shi.

Wannan ya sa riƙon da ke tsakanin bututu da gam ya zama abin lura. Ana wanke bututun da asid don jikinsu ya kama gam sosai. In riƙon ya yi rauni, zamewa suke ba su ci komai ba. In ya yi tsanani, tsinkewa suke kafin a zaro su, asid mai yawa kuma yana raunana su.

Ɗaliban da suka biyo baya nakan ce musu su karya sanduna da dama daga kowane haɗi, su kuma kalli bambancin da ke tsakaninsu kafin matsakaicin adadin. A nawa aikin, duk haɗin da sandunansa suka saɓa wa juna sosai, da an kai shi madubi sai a tarar da baƙin guda daidai inda tsagar ta tashi.