Na je bikin digiri a Manchesta, na ɓige da alƙalancin kiɗa

Bikin kammala digirin 'yata Ummi ne ya kai ni Ingila a watan Disamba. Labarin jirgin sama ba shi da wani armashi, barci na yi ta yi daga Abuja har Landan. Wanda ya wartsakar da ni wani mai tsaron ƙofa ne a wata tashar jirgin ƙasa. Na miƙa masa wayata ya duba tikiti, ya kalli babbar rigata ya kalli hulata, sannan ya shiga yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar yana magana da kurma. Na bar shi ya gama, na amsa masa da Turancin da na yi shekaru ina koyarwa, ya matsa gefe ba ko sannu. Tikitin kansa ma abin magana ne. Kujera ɗaya, tafiya ɗaya ta awa biyu da 'yan mintoci, amma wanda ya saya tun makonni kafin ranar da wanda ya saya a ranar, bambancin kuɗinsu ya kan ninka. A tasharmu ta Zariya kowa kuɗi ɗaya yake biya, sai dai in kana son gidan gaba.

Manchesta a hunturu ba ta da rana. Kafin ƙarfe huɗu duhu ya shigo, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, ga yayyafi da ba ya yankewa. Abinci bai ba ni wahala ba, domin titin Wilmslow a unguwar Rusholme cike yake da gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Larabawa da Kurdawa. Shayi ne ya ba ni haushi: fam uku a kan ruwan zafi da ganye ɗaya, ba burodi ba ƙwai. Amma na rama a wani kantin gwanjo na masu aikin agaji, inda na samu kwat ta ulu mai nauyi, kamar ba a taɓa sawa ba, a fam takwas. Na nemi ragi bisa al'ada, matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba a ciniki a can.

Ummi tana haya ne a saman benen wata tsohuwa Baturiya, ungozoma ce da ta yi ritaya, Ummi ta laƙaba mata Gwaggo har sunan ya bi ta. Matar nan ta rantse ba zan kwana a otal ba. Ta gyara mini ɗaki, ta je da kanta ta sayo naman halal, ta ware tukunya daban, har alƙibla ta sa Ummi ta nuna mata don ta kawar da tebur daga wajen. Allah Ya saka mata. Ita ce kuma ta jefa ni cikin abin da ban shirya masa ba, domin ashe makaɗiya ce, tana goga biyola, wani irin gogen Turawa, a wata ƙungiyar makaɗa ta 'yan sa-kai, cikinsu akwai likitoci da malaman makaranta da wani direban bas, kuma ranar Asabar suna da wasa. Ummi ta ja ni gefe ta ce, "Abba, ka daure ka je, ko don idon Gwaggo." Na ce, "To Ummi, in na fara gyangyaɗi ki taɓa ni."

Kafin ranar, Gwaggo ta zaga da ni tsakiyar gari don ta shirya mini kunne. Ta kai ni gaban Bridgewater Hall, babban zauren kiɗan da aka buɗe a 1996, wanda aka ɗora ginin gaba ɗaya a kan sifirin guda 280 don kada girgizar titi da ta jiragen cikin gari ta shiga ciki. A bakin zauren akwai mutum-mutumin kan John Barbirolli, wanda ya ja ragamar ƙungiyar makaɗa ta Hallé daga 1943 har rasuwarsa a 1970. A tsaye a wurin, cikin yayyafi, ta ba ni tarihin kiɗan da za a yi. Edward Elgar ne ya tsara shi a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 62, a wani ɗan gida a karkarar Sussex. Ranar da aka fara gabatar da shi a Landan, 27 ga Oktoba na wannan shekarar, abin ya watse saboda wani jagoran makaɗa ya cinye lokacin gwaji. Barbirolli yana matashi a lokacin, yana zaune cikin masu celo, wato babban gogen Turawa, na ƙungiyar da ta yi wasan a ranar. Bayan 'yan watanni matar Elgar ta rasu, bai sake kammala wani babban aiki irin wannan ba.

Wasan a zauren taron wata unguwa aka yi, kujerun roba, tikiti fam goma sha biyu. Irin kiɗan nan konceto suke ce masa: makaɗi ɗaya a gaba, taron makaɗa a bayansa, wani lokaci suna mara masa baya, wani lokaci suna ja-in-ja da shi. Wadda aka gayyato ɗaliba ce daga wata makarantar kiɗa ta garin, ba za ta wuce shekara ashirin da ɗaya ba, siririya, cikin doguwar riga koriya. Ta fito riƙe da celo ta wuya, abin ya kusa kai ta tsawo. Ta zauna, ta soka tsinin ƙarfen da ke gindinsa a ƙasa, ta rungume shi tsakanin gwiwoyinta. Muna layi na biyu, don haka ina ganin farar ƙurar ƙaro a kan katakon, ina jin numfashinta.

Ni da na tashi ina jin kiɗan goge a rediyo, abin bai zo mini baƙo sosai ba. Izga ce ake shafa wa ƙaro a goga a kan tsirkiya, sai dai wannan tsirkiyarsa huɗu, kuma muryarsa ta ƙasa tana shiga ƙirjin mutum. Mai kunnen goge ya san abu ɗaya da ba sai an koya masa ba, wato ko hannun makaɗi yana numfashi ko yana haki.

Ita kaɗai ta buɗe, da sautuka masu kauri da ake haɗa tsirkiyoyi a goga. Ta danna da dukkan ƙarfinta har katakon ya yi gurnani, wata mata kusa da ni ta dafe ƙirji. Daga nan masu biyola suka shigo da amon da ke lilo a hankali, na hango Gwaggo ta sunkuyar da kai tana ja, yarinyar ta karɓa daga hannunsu. A nan na fara samun matsala da ita. Kowane sauti sai ta girgiza yatsa a kansa, babba da ƙarami, duk kuka ɗaya take sa musu. Da ta hau dogon matakalar nan da ke kai wa can ƙololuwa, yatsanta ya sauka ƙasa da wurin kaɗan, ta zame shi sama ta gyara. Wannan ban riƙe ta da shi ba, hannu ne, kowa yana yi. Abin da na riƙe shi ne ta zubar da duk baƙin cikin kiɗan a mintoci biyar na farko.

Kashi na biyu kuwa, tubarkalla. Ta fara fizgar tsirkiya da yatsa, ta yi kamar za ta tashi ta fasa, ta sake yi ta fasa, sannan ta sake shi da gudu. Izgar tana tsalle a kan tsirkiya da sauri har ido ba ya bi, amma kowane sauti yana fitowa daban, ba wanda ya hau kan wani. Kafaɗunta suka sauka, har murmushi na ga ya kufce mata. Makaɗan bayanta suna fama su cim mata, ta ji su, ta ɗan sassauta ba tare da ta juya ba, suka haɗu. A wurina nan ne ta nuna ko ita wace ce, domin a nan ba ta kwaikwayon kowa.

Kashi na uku gajere ne, mai sanyi, kusan duk a wuyanta yake. Ta ja shi ta ja shi har jagoran ya tsaya da hannu a sama yana jiran ta, masu busa suna neman numfashi. Sautin yana da kyau, ba a magana, amma zaren ya tsinke mini sau biyu. A kashi na ƙarshe, gab da rufewa, kiɗan yana lafawa ya tuno da wancan mai sanyin, sannan sautukan buɗewa su dawo. Ya kamata dawowar nan ta fi ta farko nauyi. Ba ta fi ba, don ba abin da ta rage.

Ɗabi'ar masu sauraro ta fi kiɗan ba ni mamaki. Minti talatin ba wanda ya motsa. Tsakanin kashi da kashi ba a tafi, sai tari da kowa ya tara ya saki lokaci ɗaya. Wani dattijo ya buɗe ledar alewa, layi guda ya juyo ya harare shi. Da aka gama suka yi ta tafi har ta fita ta dawo sau da dama, amma duk abin da ta samu furanni ne a leda. Ba liƙi, ba kirari, ba wanda ya ambaci sunan ubanta. Hannuna ya kai aljihu, Ummi ta riƙe shi ta ce, "Abba, don Allah." A lokacin hutu kuma, cikin sanyin nan mai fasa ƙashi, sai na ga mutane a layi suna sayen askirim.

A kicin ɗin Gwaggo muka yi shari'ar har tsakar dare. Na ce mata wannan kiɗan dattijo ne wanda ya ga duniyarsa ta rushe, dattijo kuwa ba ya ihu, yarinyar ta yi masa kukan ƙuruciya. Ta ajiye kofi ta ce ba ta yarda ba. Ta ce mai celon nan Jacqueline du Pré shekararta ashirin a 1965 lokacin da ta ɗauki wannan kiɗa a faifai tare da Barbirolli, kuma faifan nan ne ya sa duniya ta san shi. Ciwon jijiyoyi ya raba ta da celo a 1973, ta rasu a 1987 tana da shekara 42. Ta ƙara da Sheku Kanneh-Mason, wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Saliyo ce, ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016 yana da shekara 17, daga baya shi ma ya ɗauki na Elgar. Ta ce shekaru ba su ne ba.

Ummi ta kunna mana na du Pré a waya. Na ce to ga shi, ita ma tana kuka, amma ki ji yadda take rage sautin ya koma siriri kafin ta sake shi, wannan ne yarinyarku ba ta yi ba. Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce gaskiya faifan da Elgar da kansa ya jagoranta a 1928 tare da mai celo Beatrice Harrison ya fi na yanzu sauri, kuma ba ya tsayawa jimami. Amma ta tsaya a kan cewa gara matashin da ya yi yawa da wanda ya yi kaɗan, don rage wuta ya fi hura ta sauƙi. Na ba yarinyar bakwai cikin goma, Gwaggo ta ba ta tara, Ummi ta ce ita barci take ji.

Bikin digirin ya yi kyau, an yi hotuna, hayar rigar kawai ta isa kuɗin buhun shinkafa. Mun leƙa Worcester mun ga mutum-mutumin Elgar kusa da babban cocin garin, wanda a da hotonsa ke kan takardar fam ashirin. Landan kwana kawai na yi. Jirgi ya sauka Abuja da asuba cikin hazo, na tarar an ƙara kuɗin motar Zariya.