Ranar da Ɗanladi ya koma ?anladi

Talata, da dare.

Yau ko kokona ban gama sha ba oga ya kira, wai mai makarantar nan da muka yi wa manhajar rajistar ɗalibai yana ta faɗa, rasit na fitowa da sunayen yara a lalace. Ɗanladi ya zama ?anladi, Baƙo ya zama Ba?o, har wata uwa ta je ofishinsu tana tambaya me ya sa aka sa wa ɗanta alamar tambaya, ko ana shakkar nata ne. Na yi dariya a waya, oga dai bai yi ba.

Da na isa ofis firinta na fara zargi, bawan Allah ba ruwansa. Na koma kan salon haruffan da muke buga rasit da shi, na canza na sake canzawa, shiru. Wajen awa biyu ina ta zagaye kamar an ɓatar da allura a cikin yashi, ga zafi, ga janareta na ta ƙara a bayan taga, sai can dabara ta zo min na ce bari in leƙa cikin databes ɗin, wato rumbun da manhajar ke ajiye bayanai, kai tsaye in ga yadda sunan yake a kwance. Ai kuwa alamar tambayar tana nan zaune tun a can. Ashe tun wajen shiga ake yi wa harafin kisa, rasit ɗin abin da aka ba shi kawai yake bugawa.

Toh daga nan zuciyata ta fara bugawa, wanda ya san aikin nan ya san wannan yanayin, kamar mafarauci ya ga sawu ɗanye. Na duba teburin sunayen a cikin databes ɗin, sai na ga tsarin haruffan da ake ce wa latin1 yake amfani da shi. Tsohuwar MySQL ce, wato manhajar databes, a sabar ɗinsu, kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ita kuma kafin ta 8.0 da ta fito a 2018 da latin1 take zuwa in ba kai ka canza ba, shi kuwa latin1 gurbi 256 kacal gare shi, an yi shi ne don harsunan Yammacin Turai, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Duk harafin da bai sani ba sai ya danna masa alamar tambaya ya wuce abinsa. Na mayar da shi utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu, na gyara wajen haɗin manhajar da databes ɗin, na rubuta Ƙasimu na danna. Ya fito ƙ ɗinsa da lanƙwasa tsaf. Wallahi sai da na miƙe tsaye na buga tebur, shayin abokin zamana ya kusa zubewa.

Wajen cin shinkafa da wake muka ɓarke da musu kan abin da ya fi daɗi a aikin nan. Shi abokin nawa ya ce sabon aiki, fayil fari fes ba kod ɗin kowa a ciki, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, kai ne sarki. Na ce masa ai shi ya sa laftof ɗinka cike yake da ayyukan da ba ka ƙarasa ba. Ita kuwa 'yar uwarmu da ke kula da fuskar manhaja cewa ta yi ba abin da ya kai goge kod daɗi, ta share layi ɗari uku komai ya ci gaba da aiki, ta ce ji take kamar ta yi sharar ɗaki ranar jajiberin sallah. Gaskiya na fahimce ta. Amma ni dai farautar ƙwaro, wato kuskuren da ke ɓoye a cikin manhaja, musamman daƙiƙar nan da ka gano shi kafin ma ka gyara. Gyaran yau bai fi minti biyar ba, neman ne ya ci safiyar, kuma shi ne nake ta tunawa har yanzu.

Ba wanda ya zaɓi rubuta bayanin aiki ko zaman mitin, oga ya ce Allah ya shirye mu.

Abin haushin shi ne sunayen da suka riga suka lalace ba sa dawowa, harafin asali ya tafi kenan. Gobe sai na karɓo rajistarsu ta takarda in bi ɗaya bayan ɗaya da hannu. ?anladi mai sauƙi ne, amma akwai wani Sa?i da har yanzu ban gane ko wane ne ba.