Ranar da sabuntawa ta kayar da shagon Hajiya na intanet

Ni nake kula da shafin intanet na wata Hajiya da ke sayar da shadda, leshi, atamfa da turaren wuta a Agege, cikin Legas. Wasu kayan a Balogun take saro su, wasu kuma daga Kantin Kwari ake ɗoro mata a mota. A kan WordPress, manhajar gina shafin intanet, da WooCommerce, wadda ke mayar da shi shago, aka gina shafin tun kafin in karɓi aikin, kuma yanzu ciniki mai tsoka ta nan yake shigowa, musamman gab da sallah, lokacin da matan Lekki da Surulere ba su da sukunin shiga cunkoson Agege.

Kamfanin da muke hayar saba a wurinsa, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, shi ne ya aiko da saƙo cewa zai daina ɗaukar PHP 7.4, tsohuwar sigar harshen da WordPress ke aiki da shi. Suna da gaskiya, domin tun 28 ga Nuwamba 2022 aka daina toshe ɓarakar tsaro a wannan sigar. Ɗan wan Hajiya, wanda ke ɗora hotunan kaya, ya ga saƙon ranar Juma'a bayan la'asar, ya zaɓi duk filogin ɗin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress) da ke neman sabuntawa ya danna musu a lokaci guda. Aikin ya tsaya cak a tsakiya. Da ya ga haka sai ya zaci tsohon PHP ne ya hana, ya shiga cPanel, wurin sarrafa sabar, ya mayar da mu PHP 8. Yaron niyyar alheri ya yi, amma yanzu matsala biyu ce ta hau kan juna.

Ya kira ni murya na rawa: "Yaya, shafin ya mutu gaba ɗaya."

Da farko sanarwar da WordPress ke nunawa idan yana gyara ce a fuskar shafin. Wani ɗan fayil mai suna .maintenance ke jawo ta, kuma bayan minti 10 WordPress yakan daina kula shi da kansa. Kafin in zauna gaban kwamfuta ta ɓace, layi ɗaya ya maye gurbinta, yana cewa shafin ya gamu da babbar matsala. Tun sigar 5.2 ta shekarar 2019, WordPress yakan aika wa mai shafi imel da wata ƙofar shiga ta gaggawa idan haka ta faru. Namu ya tafi adireshin wanda ya fara gina shafin, mutumin da ya daɗe da barin Legas.

Ma'aikacin kamfanin sabar ya ba mu shawara mai sauƙi: akwai kwafin ajiya na makon jiya, a mayar da komai yadda yake. Hajiya ta ji daɗin maganar. Ta ce min, "Ɗana, in dai zai tashi yau, a yi kawai."

Na ce, "Hajiya, ki yi min haƙuri zuwa bayan isha'i. Idan aka mayar da na makon jiya, duk odar da ta shigo a makon nan za ta goge, har da waɗanda suka biya ba mu aika musu ba."

Ta yi shiru, sannan ta ce in yi abin da na ga ya dace.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai shago a intanet ya gane. Shafi kashi biyu ne. Akwai fayilolin manhaja, akwai rumbun bayanai. Fayilolin kamar kanta da katakon jera kaya suke, in sun karye kafinta zai sake wasu. Rumbun bayanan kuwa shi ne littafin ciniki: wane ya saya, nawa ya biya, ina za a kai masa, yadi nawa ya rage. Kuɗin mutane ne a ciki, amana ce. Saboda haka kafin in taɓa komai sai da na shiga phpMyAdmin, manhajar duba rumbun bayanai, na sauke rumbun a yadda yake a daren, na adana a kwamfutata.

Daga nan na buɗe wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress, na kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG don ya riƙa rubuta kurakurai a fayil, na kashe WP_DEBUG_DISPLAY don kada baƙi su riƙa ganin cikinmu a allo. Na sake loda shafin, na buɗe debug.log a cikin foldar wp-content. Mutane da yawa suna tsoron wannan fayil saboda tarin rubutun da ke cikinsa, alhali shi ne ke faɗa maka sunan fayil da lambar layin da abu ya karye. Ka gangara ƙasa, ka karanta layukan ƙarshe.

Layin ya ce ana neman wani fayil a foldar WooCommerce ba a same shi ba. Dalilin yana gefen dama na cPanel, inda ma'aunin wurin ajiya ya koma ja: ya cika maƙil. Wani filogin ya daɗe yana tara kwafin ajiya a kan sabar, ba mai gogewa, har babu wurin da za a kwance sabuwar manhajar, sai ta sauka rabi da rabi. Na kwashe tsofaffin kwafin zuwa kwamfutata na goge su, na sauko da WooCommerce cikakke daga shafin WordPress na asali, na maye gurbin foldar. Canza foldar ba ya taɓa kaya ko oda, domin ba a nan suke zaune ba.

Shafin bai tashi ba, amma layin kuskuren ya canza, wannan kuwa ci gaba ne. Yanzu wani tsohon filogin da ke lissafa kuɗin aika kaya zuwa jihohi ne yake kiran create_function, umarnin da aka cire gaba ɗaya a PHP 8.0. Na canza wa foldarsa suna, abin da ke sa WordPress ya ajiye shi gefe. Shafin ya buɗe. Da na koma 7.4 da ya rufa mana asiri na ɗan lokaci, amma kamfanin zai rufe ta ko muna so ko ba ma so, shi kuma filogin ɗin mai shi ya daina kula da shi. Na tsara kuɗin aikawa da tsarin yankuna da ke cikin WooCommerce kansa, Legas daban, sauran jihohi daban. Sai a ƙarshe na bar WooCommerce ya sabunta rumbun bayanai, tunda kwafinsa na hannuna.

Washegari da safe ne ainihin ciwon ya bayyana. Wata mata a Idi-Araba ta turo hoton alat ta WhatsApp, ga shaida an cire mata kuɗin shadda, ga shafinmu yana cewa an soke odarta. Yawancin masu sayenmu da tiransifa suke biya, abin da ke ɗaukar mintuna. Wasu suna tsaka da biya shafin ya faɗi. Kamfanin da ke karɓar mana kuɗi ya aiko da sanarwar an biya, babu shafin da zai amsa. Shi kuma WooCommerce yakan riƙe wa mai saye kaya na minti 60 in ba a canza ba, in bai ga kuɗi ba ya soke odar ya mayar da kayan kasuwa. Shafin na tashi, sai ya soke waɗannan ododin.

Na buɗe jerin kuɗin da suka shigo a allo ɗaya, sokakkun ododi a ɗaya, na bi su da lambar shaidar biya ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da hannu. Duk sun daidaita sai ta matar Idi-Araba. Shaddar da ta zaɓa, ruwan zuma, ita ce ta ƙarshe, kuma wani ya riga ya saye ta cikin dare. Hajiya da kanta ta kira ta, ta ba ta haƙuri, ta ce ta zaɓa: a mayar mata da kuɗinta ko ta jira kayan Kano. Ta zaɓi jira, Hajiya ta haɗa mata da kwalbar turare.

Yanzu muna da shafin gwaji a gefe, a can ake fara kowace sabuntawa, filogin ɗaya bayan ɗaya, sannan a kawo ta babban shafi bayan asuba lokacin da babu masu saye. Imel ɗin gaggawa yana zuwa wayata da ta Hajiya, kwafin ajiya kuma ba ya kwana a kan sabar. Ɗan wan nata na koya masa karanta debug.log, kuma shi ne yanzu yake sayen ƙaramin turare da kuɗinsa ta tiransifa bayan kowace sabuntawa, ya tabbatar odar ta nuna an biya kafin mu tashi.