Abin da ke sa bodin gem ya lalace a hannun mai gyara

Na fi shekara goma ina gyaran na'urorin gem, yanzu mu uku ne a shago, ni da yara biyu da nake koya wa aiki, kuma aikin da ya fi shigo mana shi ne bakin HDMI, wato inda ake jona wayar da ke kai hoto talabijin, musamman na PS4 da PS5. Wani ya yi tuntuɓe da waya, ko an jefa na'urar a jaka ba a zare wayar ba, shikenan, gem na kamawa amma talabijin babu hoto. In mu aka fara kawowa aikin da sauƙi, ƙafafu 19 ne a bakin, a cire tsohon a share a ɗora sabo. Wanda ke tayar min da hankali shi ne wanda ya riga ya bi ta hannun wani.

Kwanan nan wani bawan Allah ya kawo PS4 ɗinsa yana cewa oga ɗan gyara ne kaɗan, an taɓa dubawa amma ba ta yi ba. Ina buɗewa wallahi sai da raina ya ɓaci, gefen bodin, wato allon da ke ɗauke da kayan lantarkin na'urar, ya yi ja saboda wuta, wuraren zaman ƙafa huɗu sun ɗaye gaba ɗaya, wani ɗan ƙaramin filta ma iskar injin narka dalma ta hure shi babu shi babu dalilinsa. Na san yadda aka yi. Dalmar da kamfani ke sawa sai zafi ya kai wajen digiri 217 take narkewa, ga shi bodin hawa-hawa ne cike da jan ƙarfe mai shanye zafi, to mai gaggawa sai ya ga abu ya ƙi motsi ya ƙara wuta ya sa ƙarfi ya fizgo, sai bakin ya taho da hanyoyin da ke ƙarƙashinsa. Mu kuwa mukan fara ɗumama bodin ta ƙasa, mu zuba fulos, wato man da ke taimaka wa dalma ta gudana da kyau, mu gauraya da irin dalmar da ke narkewa a 183, sai ka ga bakin ya saki da kansa ko ja ba ka yi ba.

Na ce masa za a iya amma sai ya yi haƙuri. Ya ce to a canza bodin kawai mana. Nan na zaunar da shi na yi masa bayani, a PS4 ɓangaren faifai an ɗaura shi ne da bodinsa, kuma abin da ke kan had dis a kulle yake, wannan na'urar kaɗai ke iya karantawa, in aka canza bodi kuma bai kwafe a wani wuri ba duk inda ya kai a wasanninsa ya tafi. Shi ya sa nake dagewa a kan ceto bodin asali ko da zai ci min yini.

Aikin kansa a ƙarƙashin maikuroskof ake yi. Ka kankare koren fentin a hankali har jan ƙarfen hanyar ya fito, ka ɗauko waya siririya mai kaurin milimita 0.1, kusan kamar gashi, ka haɗa daga ƙafar zuwa inda hanyar ta yanke, sannan ka rufe da fentin da fitilar UV ke busarwa don kar ta motsa. Hanyoyin hoto biyu-biyu suke tafiya, in ka bar ɗaya ta fi 'yar uwarta tsawo sosai hoto zai riƙa ɗaukewa yana dawowa, don haka gajeru nake yi kuma daidai da juna. Kuma ban yarda a jona wuta ba sai an bi kowace ƙafa da mita, wannan dokar shago ce, yaran sun sani. A nan ne ma muka gano ai-si, wato ƙaramin cif ɗin hoto na Panasonic, da ke bayan bakin shi ma ya tafi, dole aka canza.

Wannan ɗabi'ar ta gasa bodi tsohuwa ce, tun lokacin jan zoben Xbox 360, wato jar fitilar da ke nuna na'urar ta lalace, mutane ke naɗe na'ura da tawul wai ta yi zafi ta gyaru, matsalar da a 2007 Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya saboda ita. Na'urar takan tashi na ɗan lokaci ta sake mutuwa. PS5 kuma da nata, ruwan ƙarfe ne a kan babban cif ɗinta, ɗigo ɗaya ya zuba a bodi zai iya haɗa shot, don Allah in ba ka saba ba kar ka ɗaga abin da ke rufe cif ɗin.

Ita dai PS4 ɗin sai washegari da yamma muka gama. Na bar ta tana aiki awa uku ina motsa wayar in ga ko hoto zai ɗauke, bai ɗauke ba, sannan na kira shi. Da ya zo bai ko zauna ba ya karɓi hannun gem ya shiga duba wasanninsa, komai na nan yadda ya bari.