Mako shida da injin sarrafa abinci: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo irina, yau mako shida cif da na fito da injin sarrafa abinci daga kwali, wato injin nan mai kwano da wuƙa mai juyawa a ciki da ke yanka da niƙa kayan abinci. Bari in rubuta muku inda na kai tun kafin in manta da shirmen da na tafka a farko.

Da albasa na fara. Na ɓare manya uku, na jefa su ɗungurungum, na kunna, na juya ina wanke hannu. Ko da na waiwayo, ƙasan kwanon ya zama ruwa tsululu, ga wani ɓari guda a sama yana ta zagaye, wuƙa ko taɓa shi ba ta yi ba. Da na zuba a mai sai ta ƙi soyuwa, ta tsaya tana dahuwa cikin ruwanta, ga ɗaci-ɗaci. Ashe wuƙar nan mai siffar S abin da ke ƙasa kaɗai take samu. In an bar ta tana gudu, na ƙasa ya yi ta shan yanka har ya narke, na sama yana shawagi. Maganin abin shi ne maɓallin danna-ka-saki, wanda wasu injinan ke yi wa alamar P. A danna daƙiƙa ɗaya a saki. Da wuƙa ta tsaya sai manyan su faɗo ƙasa, dannawa ta gaba ta same su. Yanzu nakan raba albasa gida huɗu, ba na wuce rabin kwano, in danna sau biyar, in buɗe in kankare gefe da cokalin roba, in ƙara biyu ko uku. Tsakanin yankakkiyar albasa da markaɗaɗɗiya dannawa biyu ce kacal, don haka idona ba ya barin kwanon.

Mako na biyu na koma kan faya-fayan yanka da na gurza. Nan babu wahala. Karas a tsaye cikin bututun da ke jikin murfi, a cika shi dam don kada su kwanta, a tura da madannin da ya zo da injin. Ban da yatsa, ban da cokali. Wata rana ya ƙi tashi sam, har na fara cewa ya lalace, ashe murfi ne bai shiga maƙullinsa ba. Haka aka ƙera shi: sai kwano da murfi sun ce ƙas zai motsa. Na ji wasu na cusa tsinke a wurin don ya yi aiki ba murfi. Don Allah kada ku fara.

Abin mamaki, ranar da na ji ciwo injin a kashe yake, filoginsa ma a cire. Na gama aiki, na jefa wuƙar cikin ruwan wanke-wanke mai kumfa, aka kira ni a waya, na dawo na zura hannu ina laluben soso. Ban ma ji zafi ba sai da na ga kumfa ta yi ja. A babban yatsa ne, kwana biyar ina yawo da filasta. Tun daga ranar na canja tsari. Wuƙa ita nake fara wankewa, ita kaɗai, ina riƙe da robar tsakiyarta, da buroshi mai mariƙi. Ko kuma in zuba ruwan ɗumi kaɗan da ɗigon sabulu a kwanon, in danna sau uku, yawancin dattin ya fita kafin hannuna ya kusance ta. Ba na buɗe murfi sai ta tsaya cak, kuma nakan cire ta kafin in juye abinci, don in an karkata kwano tana iya suɓucewa ta faɗo kan ƙafa. Idan ta bushe nakan ɗaga ta sama in duba ko akwai tsaga. Wannan ba tsoro ne na banza ba: a Disambar 2016 kamfanin Cuisinart, mai sayar da irin wannan injin, ya nemi a dawo masa da wuƙaƙen injina kusan miliyan 8 a Amurka, saboda irin masu ƙusoshi suna tsagewa, gutsuren ƙarfe ya shiga abinci.

Darasin ruwa gajere ne. Kwanon yana da rami a tsakiya inda sandar motar injin, wadda ke juya wuƙa, ke shigowa, in ruwa ya haura layin da aka zana sai ya tsiyaye ta nan. Na zuba romo fiye da kima, na kwashe minti ashirin ina goge tebur. Abu mai ruwa sosai aikin bilenda ne, mai zafi kuma a bar shi ya huce tukuna.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne kwaɓin burodi. Fulawa, gishiri da yis a kwano, a kunna, a riƙa tsiyaya ruwa ta bututu har kwaɓin ya dunƙule ya fara bin wuƙa yana zagaye. Daga nan daƙiƙa 30 zuwa 45 ta isa. Karon farko na bar shi minti biyu, na taɓa na ji shi da ɗumi, yana manne wa hannu kamar danƙo, domin gudun wuƙa kansa zafi yake haifarwa. Yanzu da ruwan sanyi nake kwaɓawa.

Gyaɗa kuma ta gwada haƙurina. Minti na farko gari, na biyu ta dunƙule ta zama curi ɗaya tana dukan gefen kwano, har injin na rawa a kan tebur. A nan na kusa ƙara mai, na daure. Wajen minti na huɗu man jikinta ya fito, ta saki ta yi sumul. Sai dai da na sa zubi na biyu ba hutu, injin ya ɗauke ɗif, jikinsa zau. Akwai abin kariya a ciki da ke yanke wuta in mota ta yi zafi. Na cire filogi, na ba shi rabin awa, ya tashi lafiya.

Abin da ya rage mini shi ne niƙa nama. Gwajin farko ya fito kamar kwaɓi saboda naman ya saki. Gobe in Allah ya kai mu zan yanka shi ƙanana, in sa a firiza minti 20 ya ɗan ƙame, in riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Yadda ta kaya za ku ji.